Alhambra: Fadar Daula Mai Biyan Gandu

Fadar Alhambra, wadda ke bisa tudun Sabika a birnin Garnaɗa da ke kudancin Sifen, ta samo sunanta daga kalmar Larabci al-Hamra'u, wato ja, kuma galibi ana danganta sunan da launin ƙasar ganuwarta. Muhammad bin al-Ahmar, kakan gidan sarautar Banu Nasr, shi ya aza harsashinta a 1238, shekara biyu da faɗawar Ƙurɗuba hannun Kiristocin Kastil, sannan a 1246 ya miƙa wuya ga Sarki Farnando na Uku bisa sharaɗin biyan gandu, wato harajin da ƙaramin sarki kan kai wa babba domin a bar shi a ƙasarsa.

Wannan rauni na daular ya bayyana a jikin ginin, domin mafi yawan adon da ke ɗaukar ido an yi shi da kaya masu araha, filasta da katako da tayil, sai dai magina sun sassaƙa su da gwanintar da ta sa ba a ganin arahar. Sarki Yusuf na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, ya gina zauren Komares inda ake karɓar jakadu, ɗansa Muhammad na Biyar kuwa ya gina Farfajiyar Zakuna, inda zakunan marmara 12 ke ɗauke da kwarmin ruwa, kuma rufin wasu ɗakunanta yana da muƙarnas, wato ado mai ramuka jere kamar saƙar zuma. Ruwan kansa daga kogin Daro aka janyo shi ta magudana, aka raba shi ga lambuna da tafkuna. A bangaye an zana waƙoƙin Ibn Zamrak, wanda waziri ne kuma mawaƙin fada, tare da taken gidan sarautar da ke nuna cewa babu mai rinjaye sai Allah, take mai ma'ana ta musamman a bakin sarakunan da ke rayuwa da sulhu da dabara.

Dabarar ta riƙe su fiye da shekara 250, har 2 ga Janairun 1492, ranar da Muhammad na Goma Sha Biyu ya miƙa mabuɗan birnin ga sarakunan Kiristoci na lokacin, Farnando da Isabela. A 1527 Sarki Karlos na Biyar ya sa aka fara wata fadar dutse mai nauyi a cikin harabar, wadda ba a yi mata rufi ba sai a ƙarni na 20.