Asalin Wangara ta Ƙasar Tofa

Duk wanda ya zaga ƙauyukan ƙasar Tofa, yamma da birnin Kano, zai ji sunaye irin su Lambu da Doka da Unguwar Rimi, waɗanda ba sa bukatar tafinta. Lambu dai lambu ne, doka itace ce, ita kanta tofa ai ciyawar jinka ce. Amma akwai suna guda wanda ba a gona ya tsiro ba, wato Wangara. Wannan sunan mutane ne, kuma daga nesa ya taso.

Wangarawa mutanen tsohuwar daular Mali ne, can yamma, inda Mansa Musa ya yi sarauta. Fatake ne masu zinariya da goro, kuma malamai ne, ba ka raba su da gafaka. Sunansu ya daɗe da kaiwa kunnen Larabawa, don tun a shekarar 1154 masanin nan Al-Idrisi ya ambaci Wangara a matsayin ƙasar zinariya.

Ga yadda magabata suka ba da labarin zuwansu. A zamanin Sarkin Kano Yaji ɗan Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, sai ga ayarin baƙi kamar mutum arba'in sun shigo gari, madugunsu Abdurrahman Zaite. Ba su tsaya kewaye-kewaye ba, suka ce wa Sarki ya riƙa salla a kan lokaci. Sarki kuwa ya yarda. Nan take ya raba musu aiki: Gurdumus limaminsa, Lawal ladan, Auta shi ke yanka duk naman da za a ci, Mandawari limamin Wangarawa duka, Zaite kuma alƙali. Aka gina masallaci a gindin itacen da mutanen gari ke yi wa tsafi. Ka ji ƙarfin hali! Baƙon jiya-jiya, ya shimfiɗa buzunsa a inda masu gari ke tsoron takawa.

Masu tsafin ba su haƙura ba. Da an idar da salla an watse, sai su lallaɓo da dare su ɓata masallacin da ƙazanta. Aka sa masu gadi, abin bai tsaya ba. Sai malaman suka taru a ciki suka duƙufa da addu'a, aka ce duk masu wannan aika-aika suka makance. Daga baya Yaji ya tafi da su yaƙin Santolo, garin da ya gagari iyayensa, suka yi masa roƙon Allah, ya ci garin. Har gobe sunayensu na nan a unguwannin birni, ga Mandawari, ga Sheshe, ga Zaitawa.

To, littattafai sun saɓa. Tarihin Kano shi ya ce zamanin Yaji ne. Wani littafin kuwa, Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta da Larabci wajen 1650, cewa ya yi Shehu Abdurrahman ya bar Mali a shekara ta 835 bayan Hijira da niyyar aikin hajji, ya biyo ta Gobir da Katsina, bai iso Kano ba sai zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya hau a 1463. Ya kuma ce malamai 3,636 ne suka taso tare da shi. Ni dai arba'in ɗin ta fi kwanta mini a rai, don wace rijiya ce a kan hanya za ta shayar da dubu uku da dabbobinsu? Batun zamani kuwa, ina ganin ba zuwa ɗaya aka yi ba. Fatake suka fara share hanya, manyan malamai suka biyo sawu, bakin mutane ya haɗe labarin biyu ya ba mutum guda.

Yaya aka yi sunan ya tsallake ganuwa ya faɗo ƙasar Tofa? Bahaushe ba ya raɗa wa gari sunan ƙabila a banza, dubi Agalawa da Tokarawa. Malami kuwa tun fil azal idan almajirai suka yi masa yawa, ƙauye yake nema, inda akwai gona da itacen hura wutar karatu. Ina hango shi a raina: ya sauke jakinsa a inuwar ɗorawa, yara sun jingine alluna, an yanko tofa an yi bukka, maƙwabta Fulani da Maguzawa suna nuna wurin da baki suna cewa, can wajen Wangara.

Abin da ke ba ni takaici shi ne harshen ya tafi, auratayya ta haɗiye shi, kowa ya zama Bahaushe mai noman gero da dawa. Yau Wangara ɗaya ce daga mazaɓu 15 na ƙaramar hukumar Tofa, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum 97,734. Ranar zaɓe malamin zaɓe ya rubuta sunan a takarda, ya buga hatimi, ya ɗauki akwatinsa ya nufi Tofa.