Maraɗi da Tafkin Madarumfa: Abin da Baƙo Ya Kamata Ya Sani

Jama'ar Gazawa na gida da na tafiya: Yaranmu da yawa suna sauka Maraɗi neman abinci, amma ba su san garin ba sai tasha da kasuwa. To, ga ɗan tarihinsa.

Maraɗi garin Katsinawa ne. Da jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a bakin Gulbi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Mu ma muna cikin wannan labari. A 1851 Bature Barth ya biyo ta Gazawa za shi Katsina, ya tarar da garinmu cikin kafi, yana tsaron iyakar ƙasar.

Tsohon birnin a fadama yake. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye gidaje, aka mai da gari bisa tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. Amma unguwanni irin su Bagalam, 'Yandaka, Limanci da Maradawa sun hau da sunayensu.

Gujiya ce ta yi Maraɗi. Kamfanin Siconiger ya kafa injin matse mai, aka yi na gurzar auduga, daga baya aka yi majemar Sonitan. A 1962 gwamnati ta kafa Sonara don sayen gujiya. Buhunan nan kuwa daga gonakinmu suka fito, na Gazawa da Agye da Gidan Rumji. Da farin 1973 ya zo, gujiya ta faɗi, injuna suka rasa abin matsewa, alhazai suka koma ga fataucin Katsina da Kano.

Kudu da gari, tafiyar kilomita kamar 20, akwai Tafkin Madarumfa, inda masunta ke kamun kifi, masu ziyara kuma na zuwa kushewun waliyyai 99 da ake faɗi.

Saboda haka muna roƙon matasa, wanda ya je birni kada ya sayar da gonar ubansa. Birni da kansa ya ji jiki ran da gona ta ƙi. Dattawa kuma, wanda ya ga zamanin awon gujiya ya ba sakataren ƙungiya labari, mu rubuta tun da sauran masu faɗi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.