Daga ƙirgar wuri a Tasawa zuwa biya da salula a manyan kantuna



Duk wanda ya taɓa sayayya a ƙasar nan ya haddace kalmomi biyu: "babu canji". Ka shiga babban kanti ka ɗauki madara da sabulu da taliya, kuɗinka ya kama jika uku da dala saba'in, ka miƙa takardar jika biyar, mai kes ta dube ka ta ce babu canji. Ko dai ka ƙara wani abin da ba ka yi niyya ba, ko a cika maka da minti da ashana. Yanzu wasu manyan kantuna, musamman a Yamai, sun fara liƙa lamba ko wani ɗan zane mai kusurwa huɗu kusa da kes, suna cewa kana iya biya da wayarka. Wasu na murna, wasu na ɗari-ɗari. Shi ya sa yau muka ce bari mu koma baya mu ga daga ina abin ya taso, wa ya ci nasara da shi, wa kuma ya faɗi.

Mu fara daga gida. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yau. Ya tarar da wani ɗan kasuwa ya zauna yana ƙirgar wuri dubu ɗari biyar, mutum biyar ko shida na taya shi. Wuri shi ne kuɗin zamanin, daga tsibiran Maldibas na tekun Indiya ake kawo shi, kuma ba wanda ke yarda ya karɓi buhu bai ƙirga da hannunsa ba. A Kano a wannan lokacin, wuri 2,500 ne ke daidai da babban sulen azurfa guda. Ku auna mutumin da ya sayar da doki ko raƙumi: sai ya nemi jakin da zai ɗauko masa kuɗin.

Da Faransawa suka kafa mulki, sai suka ce haraji da faran ɗinsu za a biya. Wuri ya mutu a hannun masu shi. Sulen faran biyar shi ne muka sa wa suna dala, kuma har yau da shi muke lissafi: dala ashirin faran 100 ne, dala ɗari faran 500. A zamanin ne kuma manyan kantunan farko suka bayyana, na kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, waɗanda ke sayen gyaɗa a Maraɗi da Damagaram suna sayar da atamfa da sukari da kananzir. Ranar 26 ga Disamban 1945 aka ƙirƙiro sefa. A Janairun 1994 aka karya darajarsa da rabi, iyayenmu suka kwana da kuɗinsu a aljihu suka wayi gari ba ya sayen abin da ya saya jiya na kayan waje. Duk wannan ya bar mana ɗabi'a guda: Bahaushe yana son kuɗin da zai taɓa, ya ƙirga, ya ɗaure a bakin zane ko ya sa a aljihun ciki. Wanda ya ga kuɗi ya canza a hannunsa sau da dama ba ya saurin amincewa da sabon salo.

To ita waya fa, yaushe ta shiga harkar biya? A 1997, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, aka girke wasu injinan sayar da Coca-Cola da ake biya ta hanyar tura saƙon waya. A 2004 kamfanin NTT Docomo na Japan ya fito da wayoyin da ake ɗorawa kan na'urar kanti kuɗi ya fita. Amma labarin da ya fi ba da darasi shi ne na Amurka, inda manyan kantuna suka fi ko'ina ƙarfi.

Can mutane da katin banki suke biya, kuma duk sayayyar da aka yi da katin bashi, mai kanti na barin kusan kashi 2 cikin ɗari ga banki da kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard. Ga kanti kamar Walmart, wannan ɗan kason ba ƙaramin kuɗi ba ne. Don haka a 2012 Walmart da Target da wasu manyan kantuna suka haɗa kai suka kafa wani kamfani mai suna MCX, da niyyar ƙera tasu manhajar biya, CurrentC, wadda za ta riƙa zaro kuɗi kai tsaye daga asusun bankin mai saye, ba sai an bi ta kati ba. Suna cikin shiri sai Apple ya fito da Apple Pay a Oktoban 2014. Cikin ƴan kwanaki kantunan magani biyu da ke cikin haɗakar, CVS da Rite Aid, suka kashe na'urorinsu don kada a biya da shi. Masu saye suka fusata. A satin ne kuma aka ji cewa ɓarayin intanet sun kwashi adireshin imel na wasu masu gwajin CurrentC. Manhajar ba ta taɓa wuce matakin gwaji ba, a 2016 aka rufe ta. CVS ya dawo ya karɓi Apple Pay a 2018, Target a 2019. Walmart kuwa ya ƙera tasa shi kaɗai, Walmart Pay.

Me ya kashe CurrentC duk da ƙarfin iyayen gidanta? An ƙera ta ne don maganin ciwon mai kanti: ya huta da biyan kaso, ya kuma san wa ya sayi me. Shi mai saye ba abin da ke damunsa da katin da ke aljihunsa, sai ga shi an ce ya ba da lambar asusunsa, ya buɗe manhaja, ya ɗauki hoto, aikin da ya fi zaro kati wahala. Ba ya da dalilin canzawa, bai kuwa canza ba.

A Kenya akasin haka aka yi. A watan Maris na 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa, kuma bai fara da kanti ba. Ya fara da ma'aikacin da ke Nairobi yana son aika wa mahaifiyarsa kuɗi ƙauye, wanda da sai ya damƙa wa direban mota ya yi ta addu'a. Da ƙaramar waya mai maɓalli ake yi, ba a bukatar intanet ko asusun banki. Sai da mutane suka saba da ajiye kuɗi cikin waya, sannan a 2013 aka ƙaro Lipa na M-Pesa, wato biya da M-Pesa: kowane kanti da lambarsa, ka danna lambar ka sa adadi ka sa lambar sirri, shi ke nan. Manyan kantuna ba su ja kowa ba, su ne ma suka bi mutane.

Haka ma a ƙasar Sin. Wancan zanen mai kusurwa huɗu da ake kira QR, wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ya ƙirƙiro shi a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Alipay da WeChat Pay suka mayar da shi hanyar biya. Abin da ya sa ya bazu shi ne araha: mai sayar da kayan miya ba sai ta sayi na'ura ba, takarda guda za ta buga ta rataya. A Senegal da Kodebuwa kuma, kamfanin Wave ya kutso da kashi 1 cikin ɗari kacal a kan aika kuɗi, sakawa da cirewa kyauta, tsofaffin kamfanoni suka ga dole su ma su rage.

Mu dawo Nijar. Salula ta iso mana a 2001 da Celtel, wadda ta koma Zain, daga baya Airtel. A 2010 aka fara aika kuɗi ta waya da tsarin Zap, kuma shekarar ta zo daidai da ƙarancin abincin da ya biyo bayan rashin damina ta 2009. A jihar Tawa ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96, wasu a hannu, wasu ta waya. Wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta suka bi diddigin aikin. Sun gano cewa matan da suka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da zaman layi, kuma gidajensu sun fi samun abinci iri-iri. Wannan bincike na ƙauyukan Tawa har yau ana kafa hujja da shi a duniya.

Duk da haka, biya da waya bai yi saurin kama ƙasa a nan ba kamar Kenya. Dalili a fili yake. Ciwon da M-Pesa ta yi wa magani can, mu mun riga mun samo masa namu maganin. Ɗan ci-rani da ke Agadas ko Yamai ya saba ba da saƙo a tashar mota, sannan ga kamfanonin aika kuɗi na gida irin su BNIF Afuwa, Al Izza, NITA da Amana, da rassansu har cikin ƙananan garuruwa. Ka kai tsabar kuɗi, ɗan'uwanka ya karɓi tsabar kuɗi, ba ruwan kowa da iya karatu ko danne-danne. Ko wanda aka turo wa ta Airtel Money, ko Flooz na Moov, ko Orange Money kafin kamfanin ya koma hannun Zamani a 2019, abin da ya fara yi shi ne ya ruga wajen mai kiyos ya cire. Kuɗin ba ya kwana cikin waya, balle ya kai gaban kes.

Shekarar 2023 ce ta girgiza wannan ɗabi'a, har sau biyu. Da farkon shekara, canjin takardun naira 200, 500 da 1,000 ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi a Najeriya. Ƴan kasuwarmu masu bin Jibiya, Katsina, Illela da Kano sun gani da idonsu yadda mai shayi da mai nama suka koma karɓar taransifa. Sai kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya faɗo mana, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cira, ma'aikaci na da albashi a rubuce amma hannunsa wayam. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, sai dai darasin ya zauna. Manhajoji irin su MyNITA da AmanaTa sun shiga wayoyin matasa da ƴan kasuwa, kuma mai babban kanti ya fahimci cewa idan bai karɓa ta waya ba, mai saye zai ajiye kwandon ya fita. A ƙarshen Satumban 2025 kuma babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI, wanda aka yi domin kuɗi ya riƙa tsallakawa nan take tsakanin bankuna da asusun waya a ƙasashe takwas masu amfani da sefa na yammacin Afirka.

Idan muka ɗora tarihin nan kan halin da muke ciki, tambayoyi uku ne ya kamata mai saye ya riƙa yi. Ta farko, wa ke biyan kason? Idan kayan jika goma ne aka ce ka ƙara "kuɗin cirewa" a kai, to an ɗauke maka matsalar canji an ɗora maka wata. A ƙa'idar biyan kanti, mai kanti ne ke shiryawa da kamfani, farashin da ke jikin kaya shi ya kamata ya fita daga wayarka. Ta biyu, ko kowace waya na biya? Kantin da ya ɗaure kansa da kamfani guda ya kori rabin masu shigowa, kuma mun ga yadda ta ƙare da waɗanda suka gwada rufe ƙofa a Amurka. Ta uku, idan rezo ya ɗauke a tsakiyar biya, kuɗi ya fita daga wajenka bai shiga wajen kanti ba, wa za ka kama, kuma kwana nawa kafin a mayar maka? Da zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta, kowa ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko mai kes, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Kafin ka tabbatar da biya, ka duba sunan da ya fito, ka tabbata na kantin ne. Kada ka goge saƙon shaida sai ka isa gida. Ku kuma masu kanti, hoton saƙo da aka nuna muku a fuskar waya ba shaida ba ne, ku duba naku asusun. Sannan kada a manta da iyayenmu da ba su yi lakkal ba, da matan da wayar gidan ba a hannunsu take ba. Ranar da babban kanti zai ce ba ya karɓar tsabar kuɗi, su ne farkon waɗanda za a bari a waje, saboda haka hanyoyin biyu su ci gaba da tafiya tare.

Ɗan kasuwar Tasawa ya tara mutum biyar ko shida don ƙirgar wuri ne saboda ba ya son a cuce shi ko da ƙwaya guda. Mu ma abin da muke nema ke nan a gaban kes: mu biya daidai abin da muka saya, ba ƙari ba ragi, mu fita da shaida a hannu. Duk kamfanin da ya tabbatar wa talaka da wannan, ba sai ya yi dogon talla a rediyo ba.

Ku sanar da mu yadda abin yake a garuruwanku, ko ana karɓa, ko ana ƙara muku wani abu a kai. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mu da asara.