Daga Gwammaja Zuwa Bagwai: Wa Ke Tambayar Me Ya Faru?

Jama'a, duk lokacin da aka yi haɗari a ƙasar nan abu uku muke yi: mu watsa hotuna, mu yi musun adadin gawawwaki, mu ce Allah Ya jiƙan musulmi. Bayan mako guda shiru kake ji. Shi ya sa na ce bari yau mu ɗan waiwayi tarihi.

Mutanen Kano ba za su manta da Asabar 4 ga Mayu, 2002 ba. Jirgin kamfanin EAS, ƙirar BAC 1-11, ya tashi daga filin Malam Aminu Kano zai tafi Legas, bai yi nisa ba ya rikito kan gidajen mutane a Gwammaja. Cikin mamatan har da ministan wasanni, Ishaya Mark Aku. A ranakun farko an yi ta cewa mutum kusan 150 ne suka rasu, amma lissafin masu bincike ya tsaya a 103. Binciken ya nuna jirgin ya zarce ƙarshen titinsa kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ƙarfinsu ya ragu. To me ya sa ya zarce? Nan aka tsaya, domin ba a sami abin amfani daga baƙin akwatin ba. Gwamnati ta dakatar da irin wannan jirgi, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen da za su yi jigila.

Shi baƙin akwatin nan fa ba baƙi ba ne, ruwan lemo ake shafa masa don a gan shi cikin tarkace. Kuma biyu ne: ɗaya yana naɗar maganar matuƙa, ɗaya yana naɗar gudu da nisan sama da aikin inji. Su ne shaidun da ba sa tsoron kowa.

A daren 22 ga Oktoba, 2005 jirgin Bellview ya ɓace bayan ya tashi daga Legas. Washegari aka yi ta yaɗa cewa an gan shi a Kishi ta jihar Oyo, har wai akwai masu rai. Iyalai suka fara murna. Ashe a ƙauyen Lisa na jihar Ogun ya faɗi, duk mutum 117 babu wanda ya fita. Ka ga illar labarin farko ke nan. Ba a cika wata biyu ba na Sosoliso ya faɗi a Fatakwal, yawancin mamatan 'yan makaranta.

Sai Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, wadda ta girgiza Arewa. Jirgin ADC daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya gafarta masa. Tun ba a je ko'ina ba ministan lokacin ya ɗora wa matuƙin laifi. Da rahoto ya fito, ya tabbatar an tashi cikin mummunan yanayi, wata iska mai sauya alƙibla farat ɗaya ta doke jirgin, matuƙan kuma ba su bi matakin da ya dace ba. Amma bai tsaya kan mamaci ba. Ya nuna horon da aka ba su kan irin wannan iska bai wadatar ba, kamfanin kuma ba shi da tsayayyar ƙa'idar aiki cikin irin wannan yanayi. Wannan shi ne bambancin zargi da bincike. Zargi ya binne matuƙi ya huta, bincike ya tono abin da zai kashe na gaba.

Ƙa'idar duniya ma haka ta ce, a ƙarƙashin yarjejeniyar Chicago ta 1944: manufar binciken haɗarin jirgi ita ce hana maimaituwa, ba neman wanda za a hukunta ba. Rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma ana so ya fito cikin shekara. Bayan waɗancan masifu ne dokar sufurin sama ta 2006 ta cire aikin bincike daga cikin ma'aikata, ta kafa hukumar AIB. Ko ita ɗin ba ta tsira daga jinkiri ba: jirgin Dana ya faɗi a Legas a 2012, rahoton ƙarshe sai 2017. Amma dai an rubuta, kowa na iya karantawa.

To yanzu mu dawo kan talaka. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya daga Badau. A shekarar nan dai an yi na Warrah a jihar Kebbi. Ku gaya min tsakani da Allah, wa a cikinmu ya taɓa riƙe rahoton ɗaya daga ciki ya karanta? Mutum nawa jirgin zai iya ɗauka, nawa aka loda? Rigar ruwa nawa ke ciki? Wa ke duba mashigar a ranar?

A 2022 an yi dokar da ta mayar da AIB ta zama NSIB, aka ƙara mata binciken jirgin ƙasa da na ruwa. Ƙofa ta buɗe ke nan, saura mu riƙa ƙwanƙwasawa.

Mun yarda da ƙaddara, babu mai wuce kwanansa. Amma neman sanadi bai saɓa wa imani ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gaba in aka yi haɗari, ku riƙe hotunan gawa, kada ku yaɗa adadin da ba ku tabbatar ba. Bayan sadakar arba'in kuma a dawo a tambaya: ina rahoton?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare mu a hanyoyinmu.