Munafukin da ba a gane ba: sake duba rikicin 'yan Donatus

A darussan tarihin Ikilisiya akwai wani bayani da ya zama kamar karatun allo. Wai 'yan Donatus na Arewacin Afirka mutane ne masu tsanani da suka ce baftisma ba ta inganta sai zuciyar mai yin ta tsarkakakkiya ce, sai Agustin na Hippo ya zo ya nuna musu cewa Almasihu ne mai yin baftisma, firist hannu ne kawai. A wannan bayanin ana ajiye su a matsayin masu neman leƙa zukatan mutane don su rarrabe munafuki da mai sujada da zuciya ɗaya. A ganina wannan hoto Agustin ne ya zana shi a tsakiyar gardama, kuma mun karɓe shi ba tare da mun tambayi wanda aka zana ba.

Asalin rikicin sananne ne. A tsanantawar sarki Diyokletiyan ta 303 an umarci Kiristoci su miƙa littattafansu masu tsarki a ƙone. Bayan ƙura ta lafa aka naɗa Sesiliyan bishop na Kartaj, bishop-bishop na Numidiya suka ƙi shi, suna cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi, Filikus na Abtungi, ya miƙa littattafai. Taron Arles na 314 ya goyi bayan Sesiliyan, amma rabuwar, wadda ta haifar da 'yan Donatus, ta haura shekara ɗari. Batun ko tawayen talakawan karkara ne ya sa rigar addini, kamar yadda W. H. C. Frend ya karkata a littafinsa na 1952, A. H. M. Jones ya ƙalubalance shi a 1959, ba shi ne damuwata a nan ba.

Gardamar da ta shafe mu ta taso ne wajen shekara ta 400, lokacin da Petiliyan, bishop ɗin 'yan Donatus a Sirta (Kwanstantin ta Aljeriya a yau), ya rubuta wa limaman da ke ƙarƙashinsa cewa lamirin mai ba da baftisma ake dubawa. Agustin ya kama wannan magana bai sake ta ba. To idan firist ɗin munafuki ne fa, mazinaci a ɓoye, jama'a na ganinsa salihi? Idan an ce baftismarsa ta ɓaci, babu Kirista ko ɗaya da zai kwana da tabbacin tasa. Idan an ce ta inganta, to ashe tsarkin mai yin ta bai zama sharaɗi ba. Hujja ce mai kaifi, kuma ita ce littattafan koyarwa ke maimaitawa kamar da ita aka rufe zance.

Sai dai an ba shi amsa. Kreskoniyus, ɗan Donatus malamin nahawu wanda ba limami ba ne, ya ce ana gane lamirin mutum ta abin da jama'a suka sani game da shi. Agustin ya yi masa ba'a sosai: kenan sunan ƙarya ne ke wanke zunubi, munafukin da ya iya ɓoyo ya fi mai laifin da aka kama? Ba'ar ta yi daɗin ji, amma ina ganin ta kauce wa abin da mutumin ke nufi. Kreskoniyus bai ce ƙaryar ce ke tsarkakewa ba. Abin da ke ƙarƙashin maganarsa shi ne cewa jama'a na da alhakin abin da suka sani, ba su da alhakin abin da Allah kaɗai ya sani. Ikilisiyar da ta san bishop ɗinta ya miƙa Littafi Mai Tsarki ga mai ƙonewa, ta kuma ci gaba da karɓar jibi daga hannunsa, ta yi tarayya da laifinsa. Wadda aka ruɗe ta kuwa ba ta yi ba. Mai karatun da ya saba da maganar malaman fiƙihu kan yin hukunci da zahiri ba zai ga wannan baƙon tunani ba.

Taron Kartaj na 411, wanda jami'in sarki Marselinus ya jagoranta, ya ƙara fito da wannan fili. Ɓangaren Agustin ya kawo misalin taru da ke kama kifi mai kyau da marar kyau, a Matiyu sura 13, don nuna cewa Ikilisiya gauraye take har ranar shari'a. 'Yan Donatus ba su musa akwai mugaye a cikinsu ba. Sun ce kifin da ke cikin taru ƙarƙashin ruwa yake, masunta ba su ganinsa, don haka misalin na magana ne kan masu laifin ɓoye. A kan misalin alkama da ciyawa kuma suka tsaya cewa Yesu da kansa ya fassara gonar da duniya. Mutanen da ke irin wannan fassara sun riga sun yarda cewa munafuki zai iya tsayawa a gaban bagade ba a gane shi ba. Ba su taɓa da'awar sanin zuciya ba, aƙalla a rubuce-rubucen da suka iso gare mu.

A nan dole in rage faɗin maganata, domin Agustin na da wata hujja da ta fi ta munafukin ɓoye ƙarfi, ko da yake ba a cika koyar da ita ba. A 394 bishop 310 na 'yan Donatus suka taru a Bagai suka la'anci Maksimiyan, wanda ya ɓalle daga cikinsu, da waɗanda suka naɗa shi. Cikin waɗanda aka la'anta akwai Filikiyanus na Musti. Bayan 'yan shekaru aka dawo da shi kan kujerarsa, ba a kuma sake yi wa mutanen da ya yi wa baftisma a lokacin da yake tare da Maksimiyan ba. Wannan laifi ne da aka yi shelarsa da baki ɗari uku. Ga kuma binciken da aka yi a gaban gwamna Zenofilus a 320, wanda ya nuna Silbanus, bishop ɗinsu na Sirta, ya miƙa kayan coci a 303 tun yana ƙaramin ma'aikaci. Game da hukuncin Bagai, 'yan Donatus sun ce an ba mutanen Maksimiyan wa'adin tuba, Agustin ya nuna sunan Filikiyanus na cikin waɗanda aka yanke wa hukunci ba wa'adi. Ban ga yadda za a fitar da su daga wannan ba. Abin da hujjoji suka ba ni dama in ce bai wuce wannan ba: ƙa'idarsu ta shafi laifin da ya bayyana ne, kuma sun karya ta lokacin da haɗin kan jam'iyyarsu ya buƙaci haka. Wannan zargi ne na daban da wanda littattafan koyarwa ke yi musu. Ya kamata kuma a tuna cewa kusan duk abin da muka sani na Petiliyan da Kreskoniyus ta bakin abokin gardamarsu ya zo mana.

Akwai sauran abu ɗaya da bayanin da aka saba ke tsallakewa. Bayan dokar haɗin kai ta 405, da tarar da aka ɗora a 412, dubban 'yan Donatus sun shiga cocin Katolika don gudun hukunci. Agustin ya san me hakan ke haifarwa. A wasiƙarsa ta 93, wadda ya aika wa wani mai suna Binsentiyus wajen 408, ya faɗa cewa da can ra'ayinsa shi ne kada a tilasta kowa, don kada 'yan bidi'a na fili su rikiɗe su zama Katolikan ƙarya. Ya ce abin da ya sauya masa tunani shi ne garinsu, Tagaste, wanda tsoron dokar sarki ya juyar da shi gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce wanda ya shigo da riya yana iya ƙarewa da gaskiya idan ya daɗe yana jin koyarwa. Wataƙila hakan ya faru da wasu. Amma shaidarsa a kai ita ce abin da mutanen suka faɗa da bakinsu, a lokacin da faɗin akasin haka ke jawo tara, wato irin shaidar zahirin da ya yi wa Kreskoniyus dariya a kanta.