Yadda Zuciya da Jijiyoyin Jini Suke Samar da Awon Jininka

Idan an auna jininka, za a ba ka lambobi biyu, misali 120/80. Lambobin nan suna nuna aikin zuciya da na jijiyoyin jini a haɗe.

Abubuwa uku da ke aikin

A 1899, masanin nan ɗan Jamus, Otto Frank, ya tsara lissafin da ke bayyana wannan alaƙa, kuma har yau likitoci da masu bincike suna gina lissafinsu a kansa. Ka kwatanta shi da injin ban-ruwa na fadama:

- Zuciya ita ce injin. A kowane bugu tana tura jini kimanin mililita 70, wato kusan lita 5 a minti ɗaya ga babban mutum da ke hutawa.
- Manyan jijiyoyi kamar tiyo ne mai miƙewa. Suna buɗewa su karɓi jinin, sannan su matse su ci gaba da tura shi yayin da zuciya ke hutawa.
- Ƙananan jijiyoyi su ne bakin tiyon. Idan suka tsuke, matsin yana ƙaruwa, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi idan ka danne bakin tiyo da yatsa.

Lambar sama ita ce matsin jini lokacin bugun zuciya, ta ƙasa kuma matsin da ya rage tsakanin bugu da bugu. Da shekaru suka ja, manyan jijiyoyi kan yi tauri. Shi ya sa dattijo kan samu lambar sama ta hau alhali ta ƙasa ba ta hau ba, kamar 170/80. Wannan ma hawan jini ne, kuma yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya ko lalacewar ƙoda.

Me ya sa magunguna suka bambanta?

Kowanne da inda yake aiki. Amlodipine yana sassauta ƙananan jijiyoyi. Hydrochlorothiazide yana fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Atenolol yana rage saurin bugun zuciya. Don haka kada ka ari maganin wani, kuma kada ka canza naka sai da shawarar likita.

Ga mazauna kan iyaka

Idan kana Bagudo, Lolo ko Tsamiya, kuma kakan tsallaka asibiti a Malanville ko Segbana a Jamhuriyar Benin, ka sani cewa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci akan faɗi awon a taƙaice. Idan aka ce maka 14/9, ana nufin 140/90.

Abin da za ka yi

- Awon da ya kai 140/90 ko ya wuce, a ranaku biyu daban, yana buƙatar ganin likita ko da ba ka jin komai.
- Ka zauna ka huta na minti biyar kafin a auna ka.
- Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirinka na yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen miya ma gishiri ne.
- Ka riƙa rubuta awonka da kwanan wata, ka tafi da takardar duk asibitin da za ka je.