Daga Gadin Bama-bamai Zuwa Awon Mutuwar Taurari

Zargin juna tsakanin manyan ƙasashe ne ya haifi sana'armu. A watan Agustan 1963 Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Mosko cewa sun daina gwajin makamin nukiliya a iska, da ƙarƙashin ruwa, da sararin samaniya. Amurka ba ta saki jiki da alkawarin ba. Bayan wata biyu ta fara harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela, biyu-biyu, zuwa nisan da ya haura kilomita 100,000, su yi mata gadi. Idan bam ya tashi yakan fesa hasken gamma, wanda ya fi kowane irin haske ƙarfi. Ido ba ya ganinsa, iskar duniya kuma shanye shi take yi kafin ya sauko, don haka mai son auna shi dole ya kai na'urarsa sama.

Ranar 2 ga Yulin 1967 na'urorin Vela suka kama wata walƙiyar gamma da ba ta yi kama da ta bam ba. Sai bayan shekara biyu Ray Klebesadel na cibiyar bincike ta Los Alamos ya ci karo da ita yana bin tarin takardun alƙaluma. Shi da Ian Strong da Roy Olson suka ci gaba da tarawa har 1973, sannan suka buga labarin walƙiyoyi 16. Dabarar da suka bi har yau muna amfani da ita. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, to idan taurarin ɗan'adam biyu suna nesa da juna, zai riga isa ga ɗaya kafin ɗayan, kuma wannan 'yar tazarar lokaci ita ke nuna ɓangaren da ya fito. Da ita suka tabbatar ba daga duniya ba ne, ba kuma daga rana ba.

Daga nan aka shiga shekaru sama da ashirin na lalube. A Leningrad, Evgeny Mazets da mutanensa sun ɗora na'urorin Konus a kumbunan Venera sun tara bayanai masu kyau, amma babu wanda ya san nisan abin. Wannan kuwa shi ne ginshiƙin komai, domin hasken da ka auna bai gaya maka ƙarfin tushensa ba sai ka san ko a kusa yake ko a nesa. Masu nazari suka yi ta kawo bayani, har aka ƙirga fiye da ɗari. Ra'ayina shi ne ba kaifin basira aka rasa a wancan zamani ba, awo aka rasa, kuma duk wani ci gaba da fagen nan ya samu daga baya, na'ura ce ta kawo shi.

Ya kamata mai karatu ya san yadda awon yake, don a nan wahalar take. A cikin na'urar akwai wani dutse garai-garai na sinadarin sodiyam ayodaid. Ƙwayar hasken gamma idan ta faɗa masa sai ya yi ɗan ƙyalli, wani bututu a bayansa ya mayar da ƙyallin lantarki, kwamfuta ta ƙirga. Amma sararin samaniya ba ya shiru, kullum akwai ƙirgen da ke shigowa daga ko'ina. Abin da na'urar ke jira shi ne ƙirgen ya yi tsalle farat ɗaya a kan ma'aunai biyu ko fiye, sannan ta buga ƙararrawa. Sau da yawa ƙararrawar ta wani abu ce dabam: ko rana ta yi tartsatsi, ko ƙwayoyin lantarki da maganaɗisun duniya ya tara sun bugi kumbon, ko ma tsawa ce daga hadari a ƙasa. A saman kudancin tekun Atlantika ƙwayoyin nan suna da yawan da dole a kashe ma'aunan har a wuce. Idan ta tabbata walƙiya ce, sai mu auna ƙirgen da ke nan kafin ta zo da bayan ta wuce, mu ɗebe shi, abin da ya rage shi ne nata. Tsawonta kuma da ma'aunin T90 muke faɗa, wato lokacin da ya ɗauka daga shigar kashi 5 cikin ɗari na haskenta zuwa shigar kashi 95. Sunanta daga ranar da aka gan ta yake fitowa: GRB, sai shekara, wata da rana.

A Afrilun 1991 kumbon Atlantis ya kai tauraron Compton sama, ɗauke da na'urar BATSE ta Gerald Fishman mai ma'aunai takwas, ɗaya a kowace kusurwa. Kafin a sauko da shi a 2000 ya kama walƙiyoyi 2,704, kusan ɗaya kullum. Mafi yawan masana sun ɗauka za a gan su sun yi jere a kan faifan gungun taurarinmu. Sai ga su warwatse ko'ina daidai wa daida. A 1993 Chryssa Kouveliotou da abokan aikinta suka nuna iri biyu ne, gajeru da ba su kai daƙiƙa 2 ba, da dogaye da suka wuce haka, galibi rabin minti ko kusa da shi. Duk da haka gardamar nisa ba ta mutu ba. A Afrilun 1995 aka yi muƙabala a bainar jama'a a Washinton, Bohdan Paczyński yana cewa daga can ƙuryar sararin halitta suke, Donald Lamb yana cewa daga kewayen gungunmu ne. Aka tashi kowa yana kan bakansa.

Wani ƙaramin tauraro na Italiya da Holan, BeppoSAX, shi ya raba gardamar. BATSE yana iya cewa abu ya fito daga wancan yanki, amma yankin ya fi faɗin wata sau da yawa, taurari ba iyaka a ciki. BeppoSAX yana da kyamarar eksire da ke matse wurin. Ranar 28 ga Fabrairun 1997 ya kama wata doguwa, aka juya shi cikin awa takwas, ya tarar da ragowar haske yana dushewa. Mutanen Jan van Paradijs suka ga ragowar da madubin hangen nesa a tsibirin La Palma. A watan Mayu, madubin Keck na Hawai ya warware launukan ragowar GRB 970508, aka ga haskenta ya yi tafiyar biliyoyin shekaru. Paczyński ne ke da gaskiya. Ma'anar wannan nisa ita ce abin yana fitar da ƙarfi cikin daƙiƙu wanda rana za ta kwashe rayuwarta kaf tana fitarwa. Tun 1993 Stan Woosley ya kawo bayanin cewa ƙaton tauraro ne ke mutuwa, cikinsa ya rufta ya zama baƙin rami, feshi biyu su huda jikinsa su fita da gudun da ya kusa na haske, mu kuma sai feshin ya fuskanto mu muke gani. Tauraron HETE-2 ya kama GRB 030329 a Maris 2003, bayan kwanaki aka ga fashewar ƙaton tauraron da ya mutu tana fitowa daga cikin ragowar hasken, magana ta zauna.

Darasin da aka ɗauka shi ne sauri. Scott Barthelmy na NASA ya kafa hanyar da ƙararrawa ke tashi daga kumbo ta isa ga masu madubai a duk duniya cikin daƙiƙu, kyauta, ba a tambayar ƙasarka. Tauraron Swift, wanda marigayi Neil Gehrels ya jagoranta, ya tashi a Nuwamban 2004, yana juya kansa da kansa ya fuskanci walƙiya cikin minti ɗaya zuwa biyu. Fermi ya biyo baya a Yunin 2008. Mu da muke karɓar gadi mun san wayar da ke tada mutum tsakar dare, ka zauna ka zana layin hasken, ka aika sanarwa kafin abin ya dushe. Ta haka aka samu GRB 080319B, wadda ido tsirara zai iya gani na kusan rabin minti daga nisan tafiyar haske ta shekara biliyan 7.5.

Sai ranar Lahadi 9 ga Oktoban 2022, da ƙarfe 2:16 na rana agogon Najeriya da Nijar. Fermi ya buga ƙararrawa. Bayan kusan awa ɗaya Swift ya buga tasa a kan ragowar hasken kaɗai, kuma don tsananin haskenta da kasancewarta a layin faifan gungunmu, da farko an zaci wani abu ne na kusa. Alhali haskenta ya yi shekara kusan biliyan 1.9 a hanya. GRB 221009A ta yi sama da minti goma tana zuba, ta taɓa kumbuna a kewayen duniyar Mars, ta taɓa kumbon Voyager 1, ta girgiza saman iskar duniya har aka ga alamarta a siginar rediyo. Cibiyar LHAASO da ke kan duwatsun Sichuan a ƙasar Sin ta ƙirga dubun-dubatar ƙwayoyin haske masu matuƙar ƙarfi.

Mu kuma ma'aunanmu suka cika suka batse, kamar a ɗora buhun gero a kan ma'aunin zinariya. Na'ura tana buƙatar ɗan lokaci bayan kowace ƙwaya kafin ta karɓi wata, kuma idan biyu suka shigo tare sai ta ɗauke su ɗaya mai ƙarfi. A tsakiyar walƙiyar, wurin da muka fi buƙata, alƙaluman suka gurɓace. An kwashe watanni ana sake gina su, ana gwada na Fermi da na wata na'urar Konus ta daga baya da na wata ƙaramar na'urar Sin, GECAM-C, wadda aka saita ma'auninta ƙasa-ƙasa shi ya sa ba ta makance ba. Eric Burns da abokan aikinsa suka ƙiyasta ta fi duk wadda aka taɓa gani kusan sau 70, irinta sai sau ɗaya a shekara 10,000. Shekara hamsin muna gina na'urori don farautar mafi dusashewa, ranar da mafi haske ta zo sai ƙaramar na'ura ta fi manya amfani.

Iyakar daƙiƙa 2 ita ma ta fara tsagewa. GRB 211211A da GRB 230307A dogaye ne a agogo, amma abin da ya biyo bayansu ya nuna karon gawarwakin taurari ne, wanda muka saba jingina wa gajeru. T90 lamba ce da ta dogara da na'urar da ta auna ta, kuma lokaci ya yi da za mu daina raba mutuwar taurari da ita kaɗai.

Sababbin taurarin ɗan'adam Einstein Probe da SVOM sun tashi a 2024, abin farin ciki ne. Amma Swift ya wuce shekara ashirin, Fermi ma ya tsufa, kuma su biyun ne suka ɗauki nauyin fagen nan tsawon wannan zamani. Kirana ga masu yanke shawara shi ne a gina magadansu tun kafin su yi shiru, a sa wa kowanne ma'aunin da ba ya makancewa, a kuma bar sanarwar a buɗe ga kowa yadda take. Ɗalibin da ke karanta wannan kuma ya sani, alƙaluman Swift da Fermi suna nan a intanet kyauta, duk mai kwamfuta da haƙurin koyon lissafi zai iya sauke su ya auna T90 da hannunsa.